Aikin Takarda da Ƙyallen Fel a Birnin Kebbi

Shagona ƙarami ne a cikin Birnin Kebbi, kuma abin da muke yi ni da 'yan matan da ke koyon aiki a wurina shi ne kundin ajiye hotuna na biki da suna da walimar saukar karatu, da katin gayyata na hannu, da furannin takarda, da kwalayen da ake jera kayan lefe, sai kuma haruffa da siffofin dabbobi na ƙyallen fel, wato ƙyalle mai kauri irin na hular dara, da makarantun yara ƙanana suke saya. Da sha'awa na fara, kamar yadda mata da yawa suke farawa bayan sun ga hotuna a waya, amma abin da ya raba mai yi don nishaɗi da mai yi don kuɗi shi ne cewa kayan na biyun za su bar hannunsa, su zauna a ɗakin wani shekara da shekaru, kuma idan suka ɓare sunansa ne zai ɓaci.

Saboda haka darasin farko da nake ba duk yarinyar da ta zo koyo na gam ne da yanayi, kafin ta taɓa almakashi. A watannin Maris da Afrilu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, kuma gam ɗin kyandir da ake narkawa da ƙaramar bindiga ta lantarki yakan saki idan an bar kaya a cikin motar da aka rufe a rana, don haka ba na yarda a riƙe bangon kundi da shi, sai dai a maƙala ƙananan furanni. Da hunturu kuwa iska tana tsotse danshin takarda, kwalin da aka shafa wa gam a fuska ɗaya sai ya lanƙwashe, maganinsa shi ne a liƙa takarda a fuska biyun, a danne da katako da abu mai nauyi har ya kwana. Damina ce ta fi wuya, domin laima tana kawo fumfuna, kuma kokon rogo da wasu suke haɗawa saboda arha abinci ne ga kyankyaso da gara. Farin gam irin na kafintoci shi ne abin dogarona a yawancin aiki. Salatif kuwa ba ya kusantar hoto a shagona, tunda bayan 'yan shekaru yana yin ruwan ɗorawa, ya bar tabon da ba ya fita.

Takarda ma tana da nauyinta da ake aunawa da giram a kowace murabba'in mita. Wadda ake hoto-kwafi da ita mai giram 80 ce ko ƙasa da haka, ba ta iya ɗaukar hoto da ado ba tare da ta yamutse ba, shafin kundi yana buƙatar mai giram 250 zuwa 300. Yawancin waɗannan kaya daga Kano nake samo su, wani lokaci daga Sakkwato, kuma kusan duk daga waje ake shigo da su, domin manyan masana'antun takarda da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su taɓa wadatar da ƙasar ba. Wannan ne ya sa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, kuɗin kwali da na mota suka tashi tare.

Tsadar ce ta tura ni ga yin takarda da hannuna, kuma a nan ne na fi jin daɗin sana'ar. Kebbi ƙasar shinkafa ce, bayan girbi a fadamar Argungu da kewayen Birnin Kebbi karan shinkafa yana nan tuli, wani a ba dabbobi, wani a ƙone. Muna yayyanka shi ƙanana, mu jiƙa, mu dafa shi da ruwan toka ko kanwa har ya yi laushi, sannan mu wanke shi sosai mu daka a turmin da aka ware domin wannan aiki. Zaren karan shinkafa gajere ne, takardarsa kaɗai tana saurin karyewa, shi ya sa muke haɗa shi da guntayen takardun da suka rage a shago da tsumman auduga da muke karɓowa wurin teloli. Ana zuba dakakken a babban baho na ruwa, a nitsa firam mai raga a ɗago shi a hankali, a kife a kan ƙyalle, a matse ruwan, a shanya a inuwa, domin rana tana sa ta murɗe. Wajen launi kuwa, baba da karan dafi sun fi riƙewa, zoɓo yana da kyau ranar farko amma yana koɗewa da wuri. Takardar da ke fitowa tana da kaushi, ana ganin silin kara a jikinta, ba ta dace da na'urar buga rubutu ba, sai dai babu kamarta wajen bangon kundi da katin ɗaurin aure.

Mutunta takarda ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Malaman Gwandu, tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, sun yi rubutu a kan takardar da fatake suke kawowa ta Sahara, mai yawa daga cikinta ƙirar Italiya ce mai tambarin jinjirin wata uku, suka adana ta cikin tadarishi, wato bangon littafi mai tauri, da gafaka. Daga masu zayyanar allo na ɗauko yawancin zanen da nake yi a gefen kundin walima, kuma iyayen ɗalibai sun fi son sa a kan furannin da ake kwaikwayowa daga intanet.

Ƙyallen fel ba saƙa shi ake yi ba, danne zaren ake yi har ya haɗe, kamar na hular dara, don haka idan an yanka shi bakinsa ba ya zarewa. Wanda ke kasuwa yanzu yawanci na roba ne, ba na ulu ba. Da shi muke yanka haruffan boko da na Larabci, kuma nakan dage a ɗinke su da zare maimakon a liƙa, tunda hannun yara za su shiga, wani lokaci har da bakinsu.

Abin da ya fi wahala shi ne yanke farashi. Sau da yawa mai saye takan juya kundi a hannunta ta ce, "Malama, ai wanga abu takarda ta kawai." Nakan amsa mata da cewa, Hajiya, takardar ce mafi arha a cikinsa. Hotunan da ke waya suna tafiya ranar da wayar ta ɓata ko ta lalace, kuma galibin masu zuwa neman kundi waɗanda hakan ta taɓa faruwa da su ne. Ina lissafa kuɗin kaya, da na wanke hotuna, da na man janareta, da awannin da aikin ya ci, sannan in karɓi rabin kuɗin kafin in yanka komai, domin kundin da aka rubuta sunan amarya da ango a bangonsa ba ya sayuwa ga wani. Aiki ya fi yawa bayan girbi da kuma makonnin da ke bin sallah, lokacin da bukukuwa suke taruwa, don haka takardar hannu da za mu yi amfani da ita duk shekara muna yin ta ne da rani, mu jera ta a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa kafin ruwan farko ya sauka.