Wuni guda cikin ruwan saman Bergen

Jirgin ruwanmu na yawon shaƙatawa ya ɗaure a tashar Skolten da misalin ƙarfe takwas na safe, ana yayyafi, gajimare ya rufe rabin duwatsun da suka kewaye garin. Haka Bergen take. Ita ce birni na biyu a girma a ƙasar Norwe, ana samun ruwa a kwanaki sama da 200 a shekara, abin da ke sauka kuma ya haura milimita 2,000. Iska ce mai danshi ke tasowa daga teku, ta bugi duwatsun, ta hau sama ta huce, sai ta juye ruwanta a kan garin. Duk mai jiran sai an ɗauke kafin ya sauka, to a ɗakinsa zai wuni. Fasinjoji da yawa haka suka yi, kuma a ganina sun yi asara.

Shirin ya fara ne tun daga sutura. Lema ba ta daɗewa a bakin tashar nan, don iska ke koro ruwan ta gefe, ta kuma juya lemar ta karya mata ƙarafa. Abin da ke aiki shi ne rigar ruwa mai hula, a ƙarƙashinta rigar ulu, sai takalmi mai ƙasan roba. A guji auduga da wandon jins: suna shan ruwa su riƙe, ko a watan Yuli kuwa zafin garin bai cika kaiwa digiri 20 ba, sai sanyi ya shiga jiki kafin azahar. Waya da katin shiga jirgi mun sa su cikin ƙaramar leda mai zif, da safa ta canji a jaka. Tun kafin mu sauka mun duba manhajar Yr, ta hukumar yanayin Norwe, wadda ke nuna ruwan awa bayan awa. Ta ce za a sassauta tsakanin sha ɗaya da ɗaya, muka tsara wunin a kan haka.

Daga Skolten zuwa tsohuwar unguwar Bryggen tafiyar minti goma ce a ƙafa, ta gefen ganuwar Bergenhus. Wanda jirginsa ya tsaya a tashar Jekteviken ya ƙara lokaci, can ya fi nisa.

Bryggen ce ta fi dacewa da ruwa mai ƙarfi. Jerin gidajen katako ne na 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa, waɗanda suka kafa ofishinsu a nan wajen 1360. Gobarar 1702 ta cinye unguwar, aka sake ginawa a kan tsarin da, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihin duniya a 1979. Masu ɗaukar hoto a gaba suke tsayawa, amma daɗin wurin yana cikin lungunan. Benaye sun zubo ta sama har sun kusa haɗewa, ruwa na tsiyaya daga bakin rufi a tsakiya, mutum ya bi gefe bai jiƙe ba. Sai dai daɓen katako ne, ya yi baƙi da ruwa, yana da santsi, musamman inda ƙafa ta cinye shi ya yi sumul. A taka a hankali, a kama ƙarfen matakala. Kayan cinikin da ya arzuta unguwar nan busasshen kifi ne daga tsibiran Lofoten, irin wanda har yau Najeriya ke cikin manyan masu sayensa. A wancan zamanin, saboda tsoron gobara an hana hura wuta a gidajen, sai a ɗakunan taro na baya da ake kira Schøtstuene, can ake girki ake jin ɗumi.

Hawan dutsen Fløyen shi ne inda mutane ke ɓata kuɗi. Jirgin ƙasan Fløibanen, wanda igiya ke ja, yana aiki tun 1918, yana kai mutum tsawon mita 320 cikin 'yan mintuna. Kafin ka sayi tikiti, tsaya a bakin tasha ka ɗaga kai. In ba ka hango ginin da ke saman dutsen ba, kai ma daga can ba za ka ga garin ba, farin hazo kawai za ka biya wa kuɗi. Mun jira har sha ɗaya da rabi, gajimaren ya ɗaga, muka hau. Rufin gidaje ja, tashar Vågen da jirginmu duk suka fito sarai na kusan rabin awa, sannan hazo ya dawo. Da zarar gajimare ya ɗaga sai layi ya yi tsawo, don kowa lokacin yake jira, shi ya sa sayen tikiti ta waya ya fi.

Abincin rana a rufaffen ɓangaren kasuwar kifi muka ci, miyar kifi mai madara da zafinta. Akwai tsada. Mai kiyaye halal ya tambaya ko an sa giya a miyar, wasu masu girki na sawa. Kati ake karɓa kusan ko'ina, ba sai an canji kuɗi ba. Da ruwan ya dawo da ƙarfi muka shige gidan zane-zane na KODE, inda ayyukan mai zane Edvard Munch ɗan Norwe suke, muka bar rigunanmu a akwatunan ajiya na ƙasa.

Maganar komawa ba ta son wasa. Galibi ana rufe shiga minti 30 kafin tashi, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya fita da kansa, sai wanda ya bi rangadin kamfanin. Ranar ruwa tasi na wuya, tafiyar ƙafa ma na ƙara tsawo, don haka mun bar tsakiyar gari da sauran awa guda. A ɗauki hoton takardar shirin ranar, lambar wakilin jirgin a tashar tana ciki. A ɗaki kuma an hana dutsen guga, sai a ja igiyar shanya da ke banɗaki a rataye riguna, a cire shimfiɗar cikin takalmi a cusa masa takarda, a canja ta kafin barci, in ba haka ba da danshinsa za a sauka tasha ta gaba.