Lamba ɗaya ta ja mini asarar zaren kabon

Har yau in na tuna aikin nan sai raina ya sosu wallahi. Tankin iskar gas ne aka ce in rubuta wa injin da ke naɗa zaren kabon a jikinsa furogiram ɗinsa, injin mai aksis huɗu, mandirel, wato abin da ake naɗa zaren a kai, na juyawa, keken da ke ɗauke da zaren na kai da komo, idon da zare ke fitowa ta ciki yana matsowa yana ja da baya yana kuma juyawa. Naɗin zobe na kusan digiri 90 ba sai na ɓata bakina ba, ko ɗan koyo zai yi shi.

Rigimar a bakunan tankin take. Daga tsakiya zuwa bango milimita 100 ne, amma a bakunan, daga tsakiya zuwa gefe, ɗaya 25 ne ɗayan kuma 40. In ka bi lissafin Clairaut, wanda ke ba da kusurwar da zare zai kwanta da kansa ba tare da ya zame ba, ƙaramin bakin yana son zare ya kwanta a wajen digiri 14.5, babban kuma 23.6, to zare ɗaya ba zai faranta wa duka biyun ba, dole ka kauce daga hanyar da yake bi da kansa, kuma da zarar ka kauce ba abin da ke riƙe shi sai kamun da ke tsakaninsa da abin da ya kwanta a kai.

Manhajar ta tambaye ni lambar wannan kamun. Ni kuma don ganin na ƙware sai na zuba 0.3, lambar da na yi aiki da ita a baya da zaren da ke zuwa da danƙonsa tun daga kamfani. Wannan karon kuwa jiƙaƙƙen naɗi ne, zaren sai ya yi wanka a kwamin rezin, wato ruwan danƙon da ke sandarewa, kafin ya hau, santsi kamar sabulu. Ban gwada ba. Minti ashirin da sun ishe ni, ban gwada ba.

A kwamfuta komai tsaf, ai ita abin da ka faɗa mata shi take yarda da shi. Da muka kunna inji zagayen farko lafiya, can sai na ga zaren a kafaɗar babban bakin, inda jikin tankin ke lanƙwasawa, yana sulalewa a hankali, yana taruwa waje ɗaya yana barin giɓi a gefe. Na ruɗe na ƙara ƙarfin ja, aikin banza, don jan da ke danna zaren ƙasa shi ne dai ke tura shi gefe, in ka ƙara tare suke ƙaruwa. Kafin in haƙura in tsayar rezin ya fara kauri, da wuƙa muka yanke komai. Oga bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "wa ya gwada lambar nan?" Da ma zagina ya yi.

Washegari na naɗa jiƙaƙƙen zare a mandirel ɗin ina ƙara kaucewa kaɗan-kaɗan har ya fara zamewa, ko rabin 0.3 ɗin bai kai ba. Na sa ƙasa da abin da na samu, na kuma baza canjin kusurwar a tsawon jikin tankin maimakon in matse shi a kafaɗa. Ya hau lafiya. Guntun zaren da muka yanke yana nan a durowata, ya sandare kamar ƙashi.