Ranar da seta ya daina ɗaga wa Dogo ƙwallo

Kwanaki muna wasan sada zumunta na ƙwallon raga da wasu yara daga Zariya, set na uku, ci 22 da 22, kawai sai na lura setana, wato mai ɗaga wa 'yan wasa ƙwallo su buga, ya daina ɗaga wa Dogo ƙwallo. Dogon nan fa shi muke taƙama da shi, in ya tashi sama ragar nan mai tsayin mita 2.43 kamar igiyar shanya take a wajensa, amma sau uku a jere seta na jefa wa wani yaro da mutum biyu ke jira da bulok, wato tare ƙwallo a saman raga. Na kira tayim-awut, daƙiƙa 30 ce kacal, me za ka faɗa? Na ce wa setan "kai lafiyarka kuwa?" ya ce "Koci ban gan shi ba ne." Mutum kamar falwaya wai bai gan shi ba! Haka aka cinye mu 25 da 22.

Sai daga baya kyaftin ya tsegunta min, ashe tun a tirenin Dogo ya ce wa setan hannunsa kamar na mai tuƙa tuwo, a gaban 'yan kallo, aka yi ta dariya. Ni ma ina wajen, kuma gaskiya na ɗan murmusa, laifina kenan.

Matsalar ƙwallon raga, taɓawa uku ce kawai kafin ta tsallaka, kuma ban da wajen bulok ba ka taɓawa sau biyu a jere, to duk gwanintarka sai wani ya tare, wani ya ɗaga maka. A ƙwallon ƙafa ko an share ka za ka iya kwasar mutum uku ka ci abinka, nan kuwa in seta ya yi fushi da kai sai dai ka yi ta tsalle a banza.

Ban yi musu wa'azi ba, na gaji da wannan. Sati guda na mayar da Dogo seta, shi kuma setan na sa shi dukan ƙwallo. Ranar farko ƙwallo goma Dogo ya ɗaga, biyu suka yi kyau, yatsunsa har sun kumbura. Ranar Alhamis bayan magariba na ja su wajen mai shayi, na biya na mutum uku na koma gefe ina danna waya. Can na ji Dogo na cewa "wallahi mutumina abin nan da wuya, ya kake yi ne?" Setan bai ce komai ba, ya dai tura masa ragowar burodinsa.