Sunan Esta na farko a kan tudun Ein Kerem

A kwana na huɗu na ziyarar ibadar da muka kai Urushalima, motarmu ta gangara Ein Kerem, ƙauyen da Kiristoci suka ɗauka shi ne mahaifar Yahaya Mai Baftisma. Abin da ya fara ɗaukar idona ba majami'un ba ne, wani katafaren gini ne a kan tudu, wanda jagoranmu ya ce asibitin Hadassa ne. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta dafa hannuna ta ce, “Ɗana, ai sunan Esta ke nan kafin ta shiga fada.” Gaskiyarta kuwa, haka yake a Littafin Esta na Littafi Mai Tsarki, wanda ke ba da labarin Bayahudiya marainiya da ta zama sarauniyar Farisa, kuma a Ibrananci Hadassa sunan wani ƙaramin itace ne mai ƙamshin ganye.

Yadda sunan marainiyar nan ya hau bangon asibiti ya samo asali ne daga Amurka. A 1912 Henrietta Szold da wasu mata Yahudawa suka kafa ƙungiya a birnin New York a lokacin idin Furim, wanda ake tunawa da Esta a cikinsa, suka raɗa mata Hadassa, shekara na zagayowa kuma suka tura ma'aikatan jinya biyu Urushalima. Asibitinsu na Dutsen Scopus ya buɗe a 1939, yaƙin 1948 ya yanke hanyar zuwa gare shi, shi ya sa aka gina na Ein Kerem, aka buɗe a 1961.

Da yamma na bar ayarinmu na hau tudun ni kaɗai. A harabar na ga mata Larabawa da hijabi da Yahudawa masu baƙar malafa suna jiran likita a benci ɗaya, kowa da takardarsa a hannu, ba mai kallon wani. Daga nan na shiga ƙaramin ɗakin ibadar da ke ɗauke da tagogi 12 na gilashi mai launi da mai zane Marc Chagall ya yi, aka kafa a 1962, kowace taga da sunan ɗa ɗaya na Yakubu. Suna can sama, sai an ɗaga kai sosai. Na fi daɗewa a gaban ta Yusufu, mai ruwan ɗorawa, har hasken rana ya janye daga kanta, wuyana kuma ya ƙage.