Baƙin mai a tambulan, da tukwanen Kaka

Tun farko bari in faɗa saboda kar wani ya karanta rabi ya ji haushi: wannan rubutun akan giya ne. Ni Bahaushe ne Kirista daga wajen Malumfashi, kakannina Maguzawa ne, kuma na san yawancin masu karanta ni Musulmi ne, abin haramun ne a wajenku, ina girmama wannan ƙwarai kuma ba don in kwaɗaita wa kowa na rubuta ba. Ko a cikinmu Kiristocin ma da yawa ba sa sha. Wani abu ne ya faru daren Asabar ɗin nan da ya hana ni barci sai na rubuta shi.

Yanzu shekara uku kenan ina aikin jinya a kusa da Stirling a ƙasar Sikotilan. Duk wanda bai yi Disamba a nan ba ba zai gane ba, rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu, ka fita aiki da duhu ka dawo da duhu, ga iska mai ratsa ƙashi wadda hunturunmu na gida bai kai rabinta ba. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, Baba nake ce masa kuma yanzu har ya saba yana amsawa, duk rayuwarsa sana'arsa ɗaya ce, haɗa gangunan katako da ake zuba wiski a ciki. Shi ne ya ƙwanƙwasa min ƙofa ya ce in zo in taya shi hira, ya sayo wani abu tun bara yana ajiye da shi yana jiran sanyi ya kankama.

Kwalba ɗaya ce ƙarama, mililita 330, muka raba biyu. Sunanta Ola Dubh, ana faɗinsa kamar "ola du", da tsohon yarensu na Galik ma'anarsa baƙin mai. Kamfanin Harviestoun ne ke yin ta a garin Alva, nan gindin duwatsun Ochil, tafiyar mintoci kaɗan daga inda muke. Wanda ya kafa kamfanin a 1983, Ken Brooker, tsohon ma'aikacin kamfanin mota na Ford ne, shi ya sa baƙar giyarsu ta asali ya sa mata suna Old Engine Oil, wato tsohon man inji, kuma gaskiya da Baba ya tsiyaya ta na ga dalili, baƙa ƙirin ce mai kauri, tana sauka a hankali kamar man da bakanike ya juye daga mota, na ɗaga tambulan ɗin saitin fitila haske bai ratsa ba ko kaɗan. Kumfar sama 'yar kaɗan ce, launin ƙasa-ƙasa.

Baba ya hana ni kai wa baki. Ya ce in riƙe ta a tafin hannu tukunna ta ɗan yi ɗumi, wai irin wannan ba a shan ta da sanyin firji, sanyi yana rufe mata baki. Toh na riƙe ina shinshinawa. Abin da ya fara zuwa min shi ne ƙanzo, ƙanzon tuwon dawa na gindin tukunya wanda ya ɗan ƙone, sai mazarƙwaila, sai wani abu kamar maɗin ɗinya. A baki kuma zaƙi ne ke fara tarbarka kamar busasshen dabino, kafin ka gama jin daɗinsa ɗaci ya biyo baya irin na gahawa da aka gasa sosai, kuma ɗacin ba ya gudu, yana zama a bayan harshe kamar na goro. Can ƙarshe bayan na haɗiye na yi numfashi sai na ji hayaƙi siriri, da ɗumi yana sauka ƙirji. Ƙarfinta kashi 8 cikin ɗari ne, kusan ninki biyu na giyar kwalba da aka saba gani, don haka kurɓa ake yi ba kwankwaɗa ba, rabin kwalbar nan ya kai mu fiye da awa ɗaya.

Na tambaye shi, Baba wannan hayaƙin daga ina? Nan fa dattijo ya gyara zama.

Ya ce baƙin da ɗacin daga sha'ir ne da aka gasa har ya yi duhu, amma hayaƙin da wannan ƙamshin na busassun 'ya'yan itace daga ganga suke. Bayan an gama dafa giyar sai a zuba ta a gangunan da wiskin Highland Park ya kwana a ciki shekara da shekaru, ta yi watanni a nan. Lambar 12 da ke jikin kwalbar ba shekarun giyar ba ne, shekarun wiskin da ya riga ta zama a gangar ne. Shi Highland Park ɗin a tsibiran Orkney ake yin sa can arewa, tun 1798 suke ƙirga tarihinsu, kuma wajen busar da tsiron sha'ir suna ƙona wata baƙar ƙasa da ake yankowa a fadama, ruɓaɓɓen ciyayi ne na dubban shekaru, a shanya ta ta bushe ta ci wuta. Hayaƙinta ya kama hatsin, ya bi shi cikin wiski, wiski ya shige cikin katako, katako kuma ya mayar wa giyar da aka zuba daga baya. Kafin wiskin ma, gangunan sun sha wani ruwan inabi na Sifaniya da ake kira sheri. Kaga kenan abu uku ne suka bi ta cikin katako ɗaya kuma kowanne ya bar wani abu.

A dokar ƙasar nan ba a kiran abu wiskin Sikotilan sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak, kuma duk shekara kusan kashi 2 cikin ɗari yana bin iska ta jikin katakon, su suna ce masa rabon mala'iku. A Amurka kuma dokar wiskinsu da ake kira bourbon ta ce dole sabuwar ganga wadda aka babbake cikinta, sau ɗaya ake amfani da ita, shi ya sa tsofaffin suke cika jiragen ruwa suna zuwa nan, irin su Baba su kwance su gyara su sake ɗaurewa. Babu ƙusa babu gam, tsinken katako ne kawai aka fere daidai aka matse da zoben ƙarfe, idan ya sha ruwa ya kumbura sai ya toshe kansa. Ya nuna min hannayensa, yatsun duk sun kantare. Ya kuma ba ni labarin wani kamfani a Edinburgh, Innis & Gunn, da ya fara a 2003, wai asali giyar ana zuba ta ne kawai don ta ba ganga ƙamshi kafin a sa wiski sannan a zubar da ita, sai aka gano ma'aikata ba sa bari a zubar saboda ta fi yadda ta shiga daɗi.

Yana cikin magana ni kuma hankalina ya tafi gida.

Kakata ta wajen uba tana dafa burkutu, da shi ta biya kuɗin makarantar babana. Ina yaro na sha ganin aikin, a jiƙa jar dawa, a baza ta a rufe ana yayyafa ruwa har ta tsiro, a shanya a niƙa a dama, a dafa a bar ta ta yi tsami a sake dafawa, sannan a juye a tukwane ta tashi, kusan mako guda ana abu ɗaya, ranar gayya ko biki kuma a ƙoƙo ake sha. Tana da wasu manyan tukwanen ƙasa guda uku a bayan ɗaki da ba ta yarda kowa ya taɓa, kuma ba ta taɓa sa musu sabulu. Wata rana wata 'yar uwarmu da ta zo hutu daga birni ta ga cikinsu ya yi baƙi ta ɗauki soso da sabulu ta wanke ɗaya tas don ta taimaka, ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka ba sai ranar. Ta ce an kashe mata tukunya. Mu yara muka ɗauka rigimar tsufa ce. Sai da na yi karatun jinya na san yis da ƙwayoyin da ke tayar da giya suna zama a ƙananan ramukan jikin tukunyar ƙasa, daga wannan dahuwa zuwa waccan, kuma sai daren Asabar ɗin nan a ɗakin wani Bature ɗan shekara saba'in da wani abu na gane cewa abin da take faɗa da abin da yake faɗa ɗaya ne, mazubi ma yana cikin kayan haɗi. Ko wanda bai taɓa kusantar giya ba ya san wannan, ruwan randa da na jarka ba ɗaya ba ne, balle randar da aka jefa wa jema.

Bambancin dai shi ne nasu an ba shi lokaci da daraja. Burkutun Kaka kwana biyu uku ya yi tsami ya lalace, dole a sha shi da zafinsa, wannan kuwa an yi ta ne don ta jira, an rubuta sunan gangar a kwalba, mutane suna biyan kuɗi mai yawa saboda katakon. Kuma ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, giya ta cinye min kawu, mutum mai ƙarfi da gona babba, kuma a asibitin da nake aiki ina ganin abin da take yi wa hantar mutanen ƙasar nan kusan kullum, har gwamnatinsu ta sa mafi ƙarancin farashi a kanta tun 2018. Shi ya sa rabin ƙaramar kwalba ya ishe ni, kuma da ƙafa na koma gida, ƙofa biyu ce tsakaninmu.

Da na ba Baba labarin tukwanen sai ya yi shiru, sannan ya tambaye ni wa ke gina su, kuma har yanzu ana yi? Na ce masa mata ne magina, amma zuwana na ƙarshe masu dafawa da yawa sun koma durom na ƙarfe da robobi saboda ba sa fashewa. Ya girgiza kai ya tashi ya shiga ciki, ya fito da wani guntun katako tsawon hannu, gefe ɗaya baƙi kamar gawayi, ya ce in shinshina. Ya fi shekara goma a ɗakinsa amma ƙamshin yana nan. Ya ce in riƙe, nawa ne, shi kuma yana son ƙoƙo irin wanda ake sha da shi a garinmu. Jiya na kira ƙanwata na ce ta nemo mai kyau wanda ba a yi wa fenti ba, akwai wanda zai taho a watan Janairu.