Ranar da aka ce min "chop chop"

A makona na farko a kicin ɗin wani otal a Mancesta, shugaban masu girki ya tafa hannu sau biyu ya ce min, "Chop chop!" Ina riƙe da tiren faranti, sai na ajiye, don a Turancin buroka na Najeriya "chop" ci ne, na ɗauka lokacin abinci ya yi. Wani abokin aikina ɗan Hongkon ya ja hannuna, ya raɗa min cewa maza-maza ake nufi, baƙi na jira.

Da muka tashi aiki na tsare shi da tambaya, daga baya kuma na bi diddigi da kaina. Ashe kalmar daga China ta fito. Daga 1757 zuwa 1842 daular Qing ta taƙaita cinikin Turawa ga tashar ruwa guda, Kanton, wadda ake kira Guangzhou yanzu. A bakin wannan tasha fatake da masu jirgi da masu dakon shayi suka ƙirƙiro wani Turanci na kasuwa, gauraye da yaren Kantonis. Cikinsa aka sami "chop chop", kwaikwayon yadda mutanen wurin ke maimaita kalmar gaggawa. Ta fara bayyana a rubuce cikin shekarun 1830, matuƙan jirgi suka kai ta Ingila. Abin ya burge ni, domin mu ma haka muke ninka kalma: maza-maza, sannu-sannu.

Har sandunan cin abincin mutanen China, da Bature ke cewa "chopsticks", ana danganta su da wannan tushe, tunda sunansu a Sinanci, kuaizi, yana da sautin kalmar sauri.

Abin da ƙamus bai koya min ba, kicin ya koya min. Wata rana na ce "chop chop" ga wata dattijuwa mai wanke tukwane, wadda ta haife ni a shekaru. Ta ɗago kai ta dube ni, ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da gugar tukunyarta. Raina ya sosu ƙwarai, na je na ba ta haƙuri. Kalmar umarni ce, daga babba zuwa ƙarami, uwa ga yaran da suka makara makaranta, ko maigida ga yaronsa. Tun ranar, in ina buƙatar tukunya da wuri, sai in matsa kusa in roƙe ta da sunanta.