Na kai tsofaffin maƙwabtana cin rani Florida

Mu a gida idan damina ta ɗauke aka gama kaye amfanin gona sai matasa su ɗau jaka su tafi cin rani, Fulani kuma su kaɗa shanu su yi kudu neman ruwa da ciyawa. To nan Kanada ma akwai masu yin kudu duk shekara, sai dai su ba matasa ba ne kuma ba kuɗi suke zuwa nema ba, tsofaffi ne ’yan fansho da sanyi ke korowa. Turawa na ce musu snowbirds, wai tsuntsayen da ke gudun dusar ƙanƙara. Da Nuwamba ta kama sai ka ga sun kulle gida sun nufi Florida ko Arizona, ba ka sake ganin ƙeyarsu sai Afrilu.

Maƙwabtana a London ta Ontario irinsu ne. Mijin a kamfanin haɗa motoci ya yi aiki har ya yi ritaya, matar kuma malamar firamare ce a da. Ni Baba da Mama nake ce musu, da farko abun dariya yake ba su don su da suna suke kiran kowa, yanzu kam sun saba har in ban faɗa ba sai Mama ta tambaye ni ko lafiya. Bana aka yi ma Baba aikin yanar ido, tuƙin dare ya gagare shi, yaransu kuma kowa na can wani gari da aikinsa, shine na ce ni zan kai su in dawo a jirgi. Baba ya yi ta gardama kusan sati kafin ya yarda, don mutum ne da baya son a riƙe masa sitiyari.

Shirin barin gidan ma aiki ne. Sai da ya rufe babban famfon ruwa ya tsiyaye duk bututun gidan, saboda in ruwa ya daskare a ciki fashewa yake, ka dawo ka tarar da gida ya zama tafki. Hita kuma ba a kashewa gaba ɗaya, ragewa ake. Mama tata hidimar daban ce, akwai wani ɗan littafi mai jan bango da take rubuta ranakun fita da shiga, tun ina ganin kamar tsufa ne ke damunta har ta zaunar da ni ta min lissafi. Amurka na barin ɗan Kanada ya zauna har kusan wata 6 a matsayin baƙo, amma hukumar harajinsu na da nata lissafin na kwana 183 da ke haɗawa da wani kaso na shekaru biyun baya, shi yasa duk shekara suke cike wani fom mai lamba 8840 don nuna cewa su fa gidansu Kanada ne. Ita kuma Ontario dole ka yi aƙalla kwana 153 a cikinta a shekara in kana son katin asibitinka ya ci gaba da aiki. Ga inshorar lafiya ta tafiya da ke ƙara tsada duk shekarar da mutum ya ƙara tsufa, Baba dai da an ambace ta sai ya yi tsaki.

Da asuba muka kama hanyar 401 zuwa Windsor, muka haye gadar Ambassador wadda tun 1929 take tsaye, sai ga mu a Detroit ta Amurka. Kafin boda Mama ta sa muka cinye lemon da ke mota tas don ba a shiga da shi. Na roƙi alfarma muka ɗan ratse Dearborn na sayi gasasshen nama na halal da zai kai ni kwana biyu, don na san gaba sai dai kifi da ƙwai. Daga nan I-75 ce kawai, titi ɗaya ɗoɗar har Fort Myers ta Florida, sama da kilomita 2,000, kamar ka je Legas daga Kano ka dawo.

Kwana uku muka yi, kuma wallahi ba ni na tsara komai ba, direba ne kawai ni. Sun san gidan man da za a tsaya, sun san wanda banɗakinsa ke da tsafta, sun san otal ɗin da suke kwana kusa da Lexington a Kentucky har da ɓangaren da ba a jin ƙarar tireloli. A gidan man farko injin ya ce in sa lambar yanki ta Amurka na tsaya ina zare ido, Baba ya leƙo ta taga ya ce ɗauki lambobi ukun da ke cikin lambar gidan waya ta Kanada ka ƙara sifiri biyu, ai kuwa nan take ya karɓa. Sallah kuma ƙasaru na yi ta yi a wuraren hutawa na gefen titi, Mama ce ma ke duba agogo ta ce ɗana lokacinka bai yi ba?

Rana ta biyu ta fi wuya. Hawan dutsen Jellico a iyakar Kentucky da Tennessee cikin hazo, manyan motoci na ta numfarfashi a hannun dama, Baba na gefena yana taka birkin da babu shi a ƙasan ƙafarsa. Sai Atlanta, kai! Go-slow ɗin da na sani a gida ashe yana da yaya. Can bayan Macon muka kwana. A nan ne da daddare Baba ya fito muka zauna bakin mota ya ce min da can a kwana biyu yake cinye hanyar nan shi kaɗai ba mai karɓarsa, abokan da suke jerawa da su kuma biyu sun rasu, ɗaya ya sayar da nasa gidan bayan guguwar Ian ta 2022 ta ɗaye masa rufi. Ban ce komai ba, shi ma bai ƙara ba.

Washegari muna shiga Florida suka sa na tsaya a gidan tarbar baƙi na bakin iyaka inda ake ba matafiya ruwan lemo kyauta a ɗan kofin takarda. A nan Mama ta cire rigar sanyi ta ninke ta tura ƙasan but, Baba ya shiga banɗaki da dogon wando ya fito da gajere, ƙwaurinsa fari fat kamar alli.

Gidan nasu ɗan ƙarami ne irin wanda ake kawowa a haɗe daga kamfani, a unguwar da sai mai shekara 55 zuwa sama ke zama. Kafin mu gama sauke kaya maƙwabta sun taru, rabinsu motocinsu lambar Ontario ce da Quebec. Mama ta buɗe jan littafinta ta rubuta ranar.

Ni kuma abun da muka yi a kwana uku jirgi ya maido ni a awa uku, na sauka Toronto na tarar da dusar ƙanƙara ta zuba. Makullin gidansu na wajena yanzu, kamfanin inshora ya ce dole wani ya riƙa leƙawa, don haka gobe Asabar zan shiga in duba hita in share musu ƙofar gida.